Kanwar Da Na Kai Kotono

Tun da na dawo Kibiya bakina bai huta ba. A gidan suna, a wajen niƙa, har a hanyar Islamiyyarmu ta matan aure, tambayar ɗaya ce: "Inna Abu, ya Kotono? Da gaske teku ba ta da ƙarshe?" In na fara ba da labari sai a maƙale a wurin abin dariya, a yi ta shewa, kafin in kai inda nake son kaiwa kowa ta ɗauki mayafinta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan karatun da na samu da girmana. Wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Iyakata Rano in ana biki, Kano kuwa sai rakiyar amarya ko dubiya. Amma akwai abu ɗaya da ake yi mini aike a kansa tun daga Fassi har Lausu, shi ne wankan jego. Ruwa ya tafasa har yana tsalle a tukunya, in tsoma ganyen darbejiya in fyaɗa wa mai jego, safe da yamma har ta yi arba'in. In ta fito ga kunun kanwa mai kauri yana jiranta. Abin da muka tashi muka ji ke nan: jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta, ta kumbura. Ban taɓa tambayar wanda ya fara faɗa ba. Kuma ina alfahari da cewa ruwana ya fi na kowa zafi.

Dije, 'yata ta uku, tana auren Sabi'u, ɗan Rano ne, yana sana'ar atamfa a Kotono, can ƙasar Benin. Da cikinta na fari ya tsufa muka sa ido ta zo gida haihuwa kamar kowace 'ya, sai Sabi'u ya bugo waya wai likita ta hana ta doguwar tafiya, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Na ce hawan jini kuma ga yarinya ƙarama, ai na tsofaffin alhazai ne. Da ta sauka lafiya, namiji, maigidana Malam ya ce in shirya, ƙaninsa Ado mai kai albasa Legas zai raka ni.

Na ɗaure gero da tsamiya da daddawa, ga citta da kanumfari da masoro. Jar kanwa kuwa na sa aka zaɓo mini manyan curi a kasuwa, buhu ya kusa rabi. Ado ya ɗaga ya dire.

"Matar Yaya, jego za ki yi ko rumfa za ki buɗe?"

"Ɗauka dai, mai warin albasa. Can ƙasar ruwa ce, sanyinsu ya ninka namu."

Daga Rano muka shiga Kano, daga nan doguwar bas. Kusa da ni wata Bayarabiya ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ba mu wuce Zariya ba ta san sunan duk 'ya'yana. Da na gaya mata abin da zai kai ni, ta ce ita duk haihuwarta ruwa mai ɗumi kawai aka yi mata wanka da shi, aka ba ta farfesu, kunun kanwa ko ɗanɗana shi ba ta taɓa yi ba. Na dube ta sama da ƙasa, mace ce mai jiki, na ce cikin tausayi, "Ai ga shi nan, wannan ba ƙiba ba ce, sanyi ne ya zauna miki." Ta yi dariya har tana share hawaye, ta ce, "To Mama, sanyin nan ya karɓe ni." Ta miƙo mini soyayyar ayaba. Na ce na ƙoshi, na ci gaba da gurgurar ƙuli-ƙulina.

Hanyar kudu ba ta ƙarewa. Dawa da gero suka ɓace, itatuwa suka rufe ko'ina, har na rasa gabas. Da aka tsaya salla na shimfiɗa ɗankwali na kabbarta abina, ina sallamewa na ga Ado ya juya mini baya yana tasa sallar. Na ce shi ne ya karkace. Sai da masu sayar da tsire na wurin, 'yan Arewa, suka raba mu, kuma ni ce na sake.

A Legas muka sauka wurin wata 'yar Bunkure mai tuwon sayarwa a kasuwar albasa. Ɗaki kamar akurki, rufin kwano, sauro kamar an aiko su. Amma tuwonta na gida ne, kuma ta tambaye ni mutanen ƙasarmu ta Rano ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka daɗe da rasuwa. Na yi ta ce mata Allah ya yi musu rasuwa tana salati.

A iyakar Seme aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani ma'aikaci dogo mai tsaga a kumatu ya zura hannu a buhuna ya ciro curin kanwa. Ya san ta sarai, yawan ne ya ba shi mamaki. Ya yi magana, Ado ya fassara mini: wai wannan ta isa kuɓewar ƙasarsu gaba ɗaya, in sayarwa zan yi sai an biya kuɗin fito. Na ce Ado ya gaya masa ta mutum ɗaya ce, mai jego za ta sha. Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye buhun. Don su yarda na gutsiri kaɗan na sa a baki ina kallonsu. Shi ma ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce in wuce, ya raɗa mini suna Mama Kanwa. Muna tsallakawa na ce wa Ado, "Ka gani ko? Har hukuma ta san gaskiya." Yau in na tuna, sai in ce ina ma ya ƙwace.

Kotono gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa, mata ma suna tuƙa nasu, da goyo a baya da kwando a gaba. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, in ya kwana sai ka jiƙa. Iska kuwa danƙo gare ta, wanki ya yini a igiya bai bushe ba. Duk wannan ya ƙara tabbatar mini da zancen sanyi.

Gidan su Dije na haya ne, ɗakuna a jere, kowa da yarensa. Na same ta zaune fuska a cike, jariri a cinya. Kusa da ita wata mata baƙa gajera tana ninke tsumman yaro. Dije ta ce, "Inna, ga Maman Rozi, maƙwabciyarmu, kifi take gasawa. Tun da na haihu ita ke yi mini komai." Kirista ce, tana jin Hausar kasuwa kaɗan kaɗan. Ta rusuna ta gaishe ni, ta kawo mini abinci a rufe. Na buɗe na ɗanɗana, ba gishiri ba daddawa. Na ce wa Dije, "Da wannan ake ciyar da mai jego? Shi ya sa." Na ture kwanon, a gaban matar.

Da yamma Sabi'u ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Inna, likita ta ce a rage mata gishiri sosai, kuma kada ta wahala. Ga magungunanta nan."

"Na ji. Gishiri ta ce. Ta ambaci kanwa?"

"A'a, ba ta ambata ba."

"To, a samo mini gawayi da babbar tukunya."

Ya ce to. Me suruki zai ce?

Kashegari na ɗora ruwa. Maman Rozi ta zo wucewa ta kai yatsa, ta janye da sauri tana yarfe hannu.

"Mama, wannan na figar kaza. Dije ba kaza."

"Ke da kifi kika saba," na ce mata. "Bar mu da namu."

Aka yi suna, Ado ya koma Legas da alkawarin zai dawo ya ɗauke ni. Na ci gaba da aikina. Cikin magungunan akwai wata 'yar ƙwaya fara mai sa ta yawan fitsari. Na ce wannan tsotse mata ruwan nono za ta yi, na kwashe na ƙulle a haɓar zanina. Dije ta bi hannuna da kallo.

Ta yi mini magana, kada ku ce ba ta yi ba. Ta ce, "Inna, in na shiga wankan nan ƙirjina bugawa yake kamar ana daka." Na ce sanyin ne yake fita. Ta fara tari. Ta daina iya kwanciya sai a zaune, an tara mata matasai a baya. Ƙafafun suka zama kamar turmi. Duk abin da na gani, ni a wurina shaida ce cewa sanyin teku ya riga ni shiga, don haka na ƙara wuta, na ƙara kanwa. Ta kan riƙe kofin kunun ta daɗe tana kallonsa, in ce, "Shanye, ni na haife ki." Sai ta shanye.

Wata safiya, Sabi'u ya tafi kasuwa, ina cikin fyaɗa mata ganye sai ta zame daga kan kujera ta jingina da bango. Bakinta a buɗe tana neman iska ba ta samu, leɓɓanta sun canza, wani kumfa yana fitowa. Na kira sunanta, na tofa mata duk addu'ar da na sani. Maman Rozi ce ta banko ƙofar, ko kallona ba ta yi ba. Ta rufa wa Dije zani, ta saɓa jaririn a baya ta ɗaure, ta fita titi tana ƙwala kira da yarensu. Kafin in nemo mayafina mota ta tsaya, maza biyu na gidan sun ɗauko Dije.

A asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Sabi'u ya iso ba hula. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, sai aka kira wata nas 'yar arewacin ƙasarsu, Hausarta irin ta mutanen Kabi. Likita ta tambaya, nas ta juya mana: tana shan magungunanta duka?

Sabi'u ya dubi ƙasa ya ce, "Tana sha."

Dije, da robar a hancinta, ta gyaɗa kai.

Maman Rozi tana tsaye tana jijjiga goyo. Ta san komai, ɗakinta yana jikin namu. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai.

Nas ta ce, "Ku faɗi gaskiya. In tana sha bai yi aiki ba, wata hanya likita za ta bi. In ba ta sha, wata hanya ce daban. Kada ku sa a yi mata abin da ba shi ba."

Jama'a, mutum uku suna rufa mini asiri, 'yata tana shirin tafiya da shi. Na sunkuya na kwance haɓar zanina. Ƙwayoyin suka zube a ƙasa, na bi su ina tsinta ɗaya ɗaya a gaban surukina. Na faɗi wankan, na faɗi kunun, na nuna da hannu girman kanwar da nake jiƙawa kullum.

Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ta ba da umarni aka yi wa Dije allura, aka fitar da mu. Can nas ɗin ta same ni a baranda ta zauna kusa da ni. Ta ce zuciyar Dije dama ta gaji tun da cikin, ba ni na sa mata ciwon ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tare ruwa a jiki, ruwan ya taru har ya hau huhu. Zafin wankan kuma yana sa zuciya gudu. Ƙwayar da na ɓoye ita ce mai fitar da ruwan.

Na ce, "'Yar nan, a garinmu fa kowa yana yi. Ni ma an yi mini, ga ni."

Ta ce, "A namu garin ma ana yi, Inna. Mai ƙarfin zuciya ta wuce lafiya, a ce wankan ne ya yi mata rana. Wadda tata ta gaji ta kumbura, a ce ba ta yi wankan da kyau ba."

Nan take Mairo ta Fassi ta faɗo mini. Wasunku sun san ta. Ta kumbura kafin arba'in, ta rasu. Ni na yi mata wankan jego, kuma da bakina na ce a wurin zaman makoki yarinyar tana gudun ruwan zafi ne. Ban san abin da ya kashe ta ba, Allah ne ya sani. Amma a barandar nan na ji muryata tana faɗin maganar, na ja mayafi na rufe fuskata.

A barandar na tare, kan tabarma, cikin waɗansu masu jinya da ba na jin ko kalma ɗaya ta bakinsu. Su ma kamar mu ne, in aka kawo wa ɗaya abinci sai ya tura wa na kusa da shi. Maman Rozi ta ajiye kifinta, kullum tana zuwa da jariri a baya da kwanuka biyu, marar gishiri na Dije, mai gishiri nawa. Wani abu ne fari na masara mai ɗan tsami, a naɗe cikin ganye, da miyar tumatir da kifi. Ranar farko na kasa ɗaga ido in karɓa. Ta dangwara mini a cinya ta ce, "Ci, Mama. Kaka babu ƙarfi, wa zai goyo?" Na ci ina hawaye. Da daɗi kuma, kada in yi ƙarya. In na tashi salla ita ke tsare mini wuri, ta kuma fi ni sanin gabas.

Sannu a hankali ruwan ya sauka. Na ga idon sawun Dije ya fito, na ga ta kwanta a miƙe ta yi barci kamar kowa. Nas ta kama babban yatsana ta koya mini: a danna saman ƙafa, in wurin ya tashi to, in ya bar rami, ko mai jego tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a nufa, ba murhu ba. Likita ta ce Dije za ta daɗe tana shan magani, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai an ga yadda zuciyar ta koma. Ko za ta koma daidai, ba ta yi mana alkawari ba.

Ranar da aka sallame mu na jira Sabi'u ya fita, na ce, "Dije, ki yafe mini."

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Haba Inna, daina. Sai ka ce wata baƙuwa." Can ta ce, "Ki dama mini kunun tsamiya mana, irin wanda kike yi mana da azumi."

Shi ke nan abin da ta ce, har na baro garin. Sabi'u ma bai taɓa tayar da zancen ba, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Wannan durƙuson ya fi mari ciwo.

Sauran kanwar na kai wa Maman Rozi. Ta gutsiri ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake ta nuna mini, ta ce iyakar abin da take sa wa tukunyar kuɓewa ke nan, wannan buhun har jikokinta. Na nemi kalmar da zan gode mata da ita na rasa, na cire zobena na azurfa na sa mata. Ta rungume ni tana warin hayaƙin kifi.

Masu tambayar teku, na gan ta. Sabi'u ya kai ni kafin mu taso. Ba ta da ƙarshe, gaskiya ne, tana ta zuwa tana komawa da ƙugi. Na ɗebo a tafin hannu na kai baki, gishiri ne zalla. Na ce a mai da ni gida.

Ado ya zo ya ɗauke ni. Ya riga ya ji komai, don har muka kai iyaka bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. A Seme kuwa sai ga dogon nan mai tsaga. Ya gane ni daga nesa, ya washe baki ya yi magana. Na ce Ado me ya ce. Ado ya yi kamar bai ji ba, sai da na matsa.

"Wai Mama Kanwa, mai jegon ta shanye?"

Na ce ya gaya masa ta sha abin da ya ishe ta.

Ban gama kwance kaya ba Hajiya Lami ta bayan gidanmu ta shigo yi mini sannu da zuwa. Ta ce Allah ya dawo da ni a kan gaɓa, Bilkinta ta zo haihuwa, an sayi itace, an sayi kanwa, ni kawai ake jira. Na ce zan zo, amma da ruwan da gwiwar hannuna za ta iya zama a ciki, kunu kuma ba kanwa, kuma a fara kai ta a auna jininta. Na fara ba ta labarin Dije, ta katse ni.

"Inna Abu, ke da kika yi wa rabin garin nan wanka? Daga zuwa ƙasar masu cin kifi sai ki dawo mana da sabon addini? Ciwon Dije daban, Allah ya ba ta lafiya."

Ban ga laifinta ba. Ni na koya mata, da bakina, lokacin nata jegon.

Bilki ta haihu, suka ɗauko wata mai wankan jego daga Lausu. Kowace safiya ina ganin hayaƙin tukunyarsu ta kan katanga, ina jin ƙarar ganye. Ni kuma kullum in an gama sai in sa mayafi in shiga barka, har sun fara cewa barkar Inna Abu ba ta ƙarewa. Ina zama a bakin gado in ce, "Bilki, miƙo ƙafar nan in ga lallenki." Ta miƙo tana dariya. In yaba lallen, in saurari numfashinta, in danna babban yatsana a saman ƙafar.

Yau da safe ma na danna. Wurin ya tashi. Gobe zan koma.